Kafar HDMI biyu, na'ura biyar: yadda ake haɗa su a talabijin ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau daga shago muke, nan Jos, in kun ji ƙarar keke a baya ku yi haƙuri, bakin titi ne. Kai yaro, ɗaga wayar sama kaɗan, teburin nake so su gani, ba fuskata ba.

To ga abin da ke gabanmu. Dikoda ɗaya, sai na'urorin wasa na PlayStation: PS5, PS4, tsohuwar PS3, ga kuma kakarsu PS2 wadda yara suka ƙi rabuwa da ita saboda ƙwallo. Talabijin ɗin kuwa, juyo da bayanta, kafar HDMI biyu kacal gare ta. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne zare wannan a soka wancan, kullum hannu na bayan talabijin, har kafar ta saki ta fara rawa. Gyaran kafar HDMI kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, a jikin allon ciki take, sai an buɗe an yi mata dalma.

Abin da za ku saya sunansa suwic. Ku saurara da kyau a nan, don a nan ake yawan asarar kuɗi. Akwai suwic, akwai siflita, kwalinsu kusan iri ɗaya, girmansu ɗaya, wani mai shagon ma bai bambance su ba. Siflita na'ura ɗaya take ɗauka ta raba hotonta zuwa talabijin da yawa, ita ce ta masu gidan kallon ƙwallo, dikoda ɗaya allo uku. Suwic kuma na'urori da yawa ke shiga, waya ɗaya ta fita zuwa talabijin ɗaya, kamar ɗan yalo a mahaɗar Terminus, layi ɗaya yake saki sauran su jira. Kada ku tsaya karanta kwali. Ku juya bayanta ku ƙirga. In kun ga IN da yawa, OUT guda, ita ce. In kun ga IN guda, OUT da yawa, ku ajiye masa abinsa. Na sake faɗa: shiga da yawa, fita ɗaya. Ko a Ahmadu Bello Way kuka je, ko wani ya sayo muku daga Banex a Abuja, ku ce ya ɗauko hoton bayanta ya turo kafin ya biya.

Wannan da ke hannuna mai shiga biyar ce. Akwai mai uku, ta fi araha, amma ni dai na fi son a bar kafa ɗaya a buɗe, gobe wani zai zo da laftof. Kuma ku nemi mai cin wutar kanta, wadda ke da ƙaramar kafar USB ko caja ta 5V. Waɗanda ba su da ita daga jikin wayar HDMI suke tsotsar wuta, ranar da wayar ta yi tsawo ko ba ta da kyau sai ka ga hoto yana ƙyaftawa, ya ɗauke ya dawo, ana tsakiyar bugun fenariti.

Sai lamba. In talabijin ɗinka ta 1080 ce, kowace suwic za ta yi. In 4K ce, duba ka ga an rubuta HDMI 2.0, ko 4K 60Hz. Mai 1.4 ma takan rubuta 4K da manyan baƙi, amma a 30 take tsayawa, wasa zai riƙa yi maka nauyi. Wanda kuma Allah ya hore masa talabijin mai 120Hz da HDMI 2.1, shi kada ya bi da PS5 ta suwic ko kaɗan, ya soka ta kai tsaye da wayar da ta zo a kwalinta, sauran su yi layi a ɗaya kafar.

Mu tamu ba ta kai nan ba, don haka ga tsarina. Dikoda ita kaɗai a HDMI 1. Duk kayan wasa a suwic, suwic a HDMI 2. Dalili biyu ne. Na farko, Hajiya in ta zo kallon labarai ko fim, ba ruwanta da rimot na biyu, ta kunna ta gani. Na biyu, yawancin talabijin kowace kafa da saitin hotonta. Sai ka sa HDMI 2 a Game Mode sau ɗaya, duk abin da ya biyo ta nan ya samu, hannu ya riƙa amsawa da wuri, dikoda kuma tana can da launinta na kallo.

Kashe soket tukuna, yaro. Ba a soka HDMI da wuta a jiki, musamman gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa, ka taɓa bayan dikoda ka ji tana ɗan cizo. To. PS5 a ɗaya, PS4 a biyu, PS3 a uku. Wannan kuma ta fita... a'a tsaya, wannan ta huɗu ce, OUT ɗin tana can gefe ita kaɗai. Yauwa. Ni nakan naɗa salatif ɗin takarda a kan kowace waya in rubuta sunanta, don duk baƙaƙe ne.

PS2 ba ta san HDMI ba, tun shekarar 2000 ta fito. Wayarta mai kai uku ce, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. In talabijin ɗinka tana da waɗannan kafofin, ko ƙaramar kafa guda mai kama da ta iyafis an rubuta AV, yi amfani da ita, ka huta. In babu, sai ɗan kwabata, wato abin da ke juya hoton PS2 ya fito ta HDMI, ka soka a suwic. Shi ma yana da gaba da baya, AV zuwa HDMI kake so, ba HDMI zuwa AV ba. Akwai kuma wanda ake soka shi kai tsaye a bayan PS2. Wannan in ka sa ka ga baƙin allo, ba lalacewa ya yi ba. Mayar da tsohuwar wayar, shiga System Configuration, wajen Component Video Out ka ɗauke shi daga RGB ka kai shi kan Y Cb/Pb Cr/Pr, sannan ka dawo da kwabatan. Wani bawan Allah daga Bukuru har ya dawo mini da guda biyu yana faɗa, a gabansa na canza wannan layin hoto ya fito.

Kunna. Ga PS5 ta fito. Danna biyu, PS4. Danna uku... shiru. To wannan halin PS3 ne, tana riƙe saitin talabijin ɗin da ta baro. Kashe ta, ka danne maɓallin kunnawa kada ka saki sai ka ji ƙara ta biyu, za ta sake neman hoto da kanta. Ga shi nan.

Yanzu abin da ya fi ba mutane haushi: suwic mai canza kanta. An ce in ka kunna na'ura za ta tsallaka wajenta, a takarda abin sha'awa. Amma PS4 in tana Rest Mode ba ta mutu ba, takan farka ta yi sabuntawa, sai suwic ta ɗauka an kira ta, kana tsakiyar wasa a PS5 allo ya tafi. In taka tana da maɓallin kashe wannan, kashe shi. In babu, ka riƙa kashe na'urorin gaba ɗaya. Sannan a PS4 shiga Settings, System, cire alamar da ke kan Enable HDMI Device Link. A PS5 ma yana nan ƙarƙashin System, HDMI. Shi ne ke sa na'ura ta kunna talabijin ko ta ƙwace allo. A Samsung sunansa Anynet+, a LG SimpLink, a Sony Bravia Sync, duk abu ɗaya ne. Ta cikin suwic ba ya tafiya daidai, ni kashe shi nake yi.

Damina kuma, kun san tsawar garin nan. In hadari ya haɗo, zare wayar dish daga dikoda, ba soket kaɗai ba, don ta nan take biyowa ta cinye kafar HDMI, wani lokaci har abin da ke maƙwabtaka da ita. Haka in an ɗauke wuta, kashe ekstenshan kafin a tayar da janareta.

Ɗan idon rimot ɗin suwic ku bar shi yana kallon ɗaki, kada ku cusa ta bayan talabijin sannan ku ce rimot ba ya yi. Mai uku da mai biyar duk muna da su, da wayoyi gajeru na mita ɗaya, waɗanda su na fi so a irin wannan aikin. Farashi ba zan faɗa a bidiyo ba, dala ba ta zama wuri ɗaya, ku zo mu gwada a gabanku kafin ku biya. Yaro, miƙo hannun PS2 ɗin nan mu ga ko sautin ya fito ta ɓangare biyu.