Lambobin jikin tankar yaƙi ba ado ba ne

Jama'a salamu alaikum, yau ga ni a Bovington can kudancin Ingila, gidan tarihin tankokin yaƙi, sanyi ake ba na wasa ba, in kun ji muryata na rawa ku yi haƙuri. Wannan dodon da ke bayana ita ce Tiger 131 ta Jamus, sojojin Ingila suka kama ta a Tunisiya a 1943, kuma har yau in an tayar da injin tana tafiya.

To ku kalli 131 ɗin nan, ba lambar mota ba ce fa, adireshi ne: kamfani na ɗaya, rukuni na uku, tanka ta farko. Kwamanda na hangowa daga nesa ya san waye a ciki, ba sai ya tsaya tambaya a rediyo ba.

Amma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne gicciyen nan na gefe. Lokacin da Jamus ta shiga Poland a 1939 gicciyen fari ne fat, an yi shi don kar naka ya harbe ka, ashe kuma ka nuna wa maƙiyi daidai inda zai saita bindiga, dole suka riƙa shafe tsakiyarsa da fenti. Farin tauraron Amurka da ƙawayenta ma haka, ana zana shi babba a sama don matuƙin jirgi ya gane nasu ne kar ya sako bam, su kuma sojojin ciki wasu sai su shafa wa na gefe taɓo saboda maharban Jamus. Gaba kura baya sayaki kenan.

Zagayen nan rawaya mai lamba kuwa na gada ne, ajin nauyin motar, in lambarka ta fi ta gadar malam sai ka nemi wata hanya.

Kuma sojojinmu da aka kai ƙasar Bama, wato Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu su ma suna da nasu tambarin. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma gizo-gizo ne baƙi, ta 82 kuma mashi biyu a gicciye a kan gammo, eh gammon ɗaukar kaya dai, don a dajin can a ka ake dakon kayan yaƙi inda mota ba ta shiga. Ku zo mu leƙa ɗaya zauren kafin su rufe.