Kafin a sauya muku Windows a Banex, ku duba makullan fayilolinku

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, shi ya sa mutane da dama a Abuja ke kai kwamfutocinsu Banex Plaza a Wuse 2 don a sa musu Windows 11. Mai gyara zai kwashe fayiloli a filas, ya goge komai, ya mayar. Fayilolin suna nan lafiya lau, amma wasu sun ƙi buɗewa.

Dalili shi ne DRM, wato kullen da masu sayar da waƙoƙi da fina-finai ke sa wa fayil don hana kwafa. Fayil ɗin a kulle yake, mabuɗinsa kuma lasisi ne da ke ɗaure da asusunku da na'urarku. Filas ya kwashi fayil, bai kwashi lasisi ba.

Ku fara da duba ƙarshen sunan fayil. MP3 ba shi da matsala. Waƙar iTunes mai .m4a ma haka, domin Apple ta cire kulle daga waƙoƙinta a 2009. Amma .m4p da fina-finan da aka saya a can a kulle suke, kuma kwamfuta 5 kacal asusu ɗaya ke iya ba izini. Idan aka goge kwamfuta ba a janye izinin ba, gurbi ɗaya ya tafi a banza. Don haka kafin ku miƙa ta, ku buɗe iTunes, ku shiga Account, sai Authorizations, ku danna Deauthorize This Computer. Wanda guraben nasa suka cika zai iya soke su gaba ɗaya, amma sau ɗaya a shekara.

Tsofaffin fayilolin sauti masu .wma (WMA) sun fi ban haushi. Masu kwafar faifan wa'azi ko karatu da Windows Media Player, akwai waɗanda suka bar zaɓin kariya a kunne ba su sani ba, wato da hannunsu suka kulle kayansu. Sabuntawar Windows 10 ta 2016 ta cire tsarin da ke buɗe su. In faifan yana nan, a sake kwafa zuwa MP3.

A waya kuwa, ku ja wa mai filashin kunne kada ya buɗe bootloader, wato tsarin da ke tayar da waya wanda kamfani ke kullewa. Yin hakan kan sauke Widevine, wato DRM ɗin wayoyin Android, daga babban mataki L1 zuwa ƙaramin mataki L3, sai Netflix ta daina nuna hoto tangaran. Manhajar DRM Info za ta nuna muku matakin, ku duba kafin ku bar shagon. Abin da kuka sauke a cikin Netflix ko Spotify kuma Xender ba ya ɗaukarsa, sai dai ku tanadi data ku sake saukewa.