Ɗan'uwan kanwa a saman samaniya

Malama Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga Damagaram. Malam Sani, jiya ka ce mini akwai ɗan'uwan kanwa a samaniya, na kwana ina juya zancen.

Malam Sani: Ba raha nake yi ba, Malama. Tsakanin kilomita 80 da 105 bisa kawunanmu akwai shimfiɗar sodiyom, sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa, kuma ta fi kauri a wajajen kilomita 90, kusan tafiyar Magariya ke nan da a ce hanyar sama ta miƙe. Ƙananan duwatsun da ke ƙonewa in sun shigo iskar duniya, waɗanda muke gani mu ce tauraro ya faɗi, su ne ke zuba sodiyom ɗin.

Malama Hadiza: To, yaya aka san da shi alhali ido bai kai can ba?

Malam Sani: Haskensa ne ya tona shi. A 1929 Vesto Slipher na Amurka ya gano wani haske ruwan ɗorawa a samaniyar dare, irin na tsofaffin fitilun titi. A 1939 Sydney Chapman na Ingila ya bayyana dalilin: sodiyom yakan ƙwace ƙwayar oksijin ɗaya daga iskar ozon, wato oksijin mai ƙwayoyi uku a haɗe, sai wata ƙwayar oksijin da ke yawo ita kaɗai ta zo ta raba su, shi kuwa ya fito da rarar ƙarfi wanda yake fitarwa a matsayin haske, sannan ya koma ya sake. Ana ta aiki da shi, amma ba ya ƙarewa.

Malama Hadiza: Har yanzu ban ji inda kanwar ta shigo ba, Malam.

Malam Sani: Ƙasa da kilomita 80 iska ta fi yawa, don haka sodiyom yakan haɗu da tururin ruwa da iskar kabon, irin wadda muke fitarwa da numfashi, ya zama bikabonat, wanda ke cikin kanwar da ake aunawa a kasuwar Dole. Da rana hasken rana yakan fasa wani kaso ya sako sodiyom ɗin. Sama da kilomita 105 kuwa ƙwayoyin sodiyom ɗin sukan rasa ƙwayar lantarkinsu guda, su daina ba da wannan haske.

Malama Hadiza: Ashe shi ya sa shimfiɗar ta tsaya a tsakani.

Malam Sani: Haka ne. Masu nazarin taurari a Hawai da Chile ma sukan harba mata hasken leza, wato siririn haske mai ƙarfi, ta yi musu tauraro na aro wanda suke daidaita madubin na'urorinsu na hangen nesa da shi.