Sharhi: Muryar da Ta Girme Kowace Tasha

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau za mu ɗan ɗaga kai sama.

Masana taurari sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya a kan biliyan 13.8. A farkonsa an yi dogon zamani na duhu, babu tauraro ko ɗaya, sai iskar haidirojin ta rufe ko'ina kamar hazon hunturu. Da taurarin farko suka kunnu, zafin haskensu ya riƙa farfasa ƙwayoyin iskar nan, sannu a hankali, har hazon ya washe wajen shekara biliyan ɗaya da farawar sararin samaniya. To, yaya ake leƙen abin da ya daɗe haka?

Wata dabarar ita ce duban fitilu masu nisan gaske da ake kira kwazar. Idan haskensu ya ratso ta cikin hazon, wani yanki nasa yakan ɓace ɗungurum. Masana taurari James Gunn da Bruce Peterson ne suka bayyana haka a 1965, amma sai a 2001 aka gani ƙarara.

Dabarar da ta fi jan hankalina, ni ma'aikacin rediyo, ita ce ta saurare. Ita haidirojin tana da tata muryar, wato siginar rediyo da take fitarwa, a kan megahaz 1420. Faɗaɗar sararin samaniya ta ja zangon ta miƙe shi, sai ya iso mu a ƙasa da megahaz 200, wani ɓangare ma cikin zangon FM, wato 88 zuwa 108. Kun ga ashe mu ne masu damun malaman da surutu! Shi ya sa suke gudu can inda babu mutane. A yankin Karoo na Afirka ta Kudu an jera faifai 350 na na'urar HERA, kowanne faɗin mita 14, duk sun kafa kunne sama. Ko a can ɗin, ƙarar da ke fitowa daga tarin taurarin da duniyarmu ke ciki ta ninka wannan murya sau dubbai.

A 2018 masu na'urar EDGES a Ostareliya suka ce sun jiyo alamar taurarin farko a megahaz 78. Aka yi ta murna. Sai masana a Indiya suka ɗora eriyarsu, SARAS 3, a kan ruwan tafki don su tabbatar. A 2022 suka fito da sakamako: su dai ba su ji ta ba.