Amsoshin Tambayoyinku: Kayan lokaci, cushewar ciki da kaluluwa

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Saƙonni sun taru, lokaci kuma ƙanƙane ne, wanda ya ji an taƙaita amsarsa ya yi haƙuri. Tare da ni akwai malama masaniyar abinci mai gina jiki. Malama, sannu da zuwa.

Malama: Yauwa, sannunmu dai.

Mai gabatarwa: Wani bawan Allah daga Mashi yana tambaya, wai mangwaro na kawo zazzaɓin maleriya?

Malama: A'a, sauro ke kawo shi. Sai dai mangwaron da ƙuda ya bi, aka ci ba a wanke ba, zai iya sa gudawa.

Mai gabatarwa: To mutumin Mashi, tun sanyi bai wuce ba ka fara lissafin mangwaro? Ka jira bazara. Sai wata uwar gida daga Ƙofar Marusa, ta ce ita ba ta miya sai da kanwa.

Malama: Ta rage, Hajiya. Kanwa na sa ganye ya yi laushi da wuri, amma tana lalata wasu sinadaran bitamin da ke cikinsa.

Mai gabatarwa: Yanzu ga wadda ta fi yawa. Daga Daura, daga Jibiya, daga Dutsin-Ma, har da nan Ƙofar Ƙaura, magana ɗaya ce: da hunturu ya shigo ciki sai ya cushe, ga kumburi, a yi kwanaki ba a zaga ba. Kowa kuma ya ce basir ne.

Malama: Ai mu komai basir ne. Abu na farko, da sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa, sai ya wuni bai sha ruwan kirki ba, alhali iskar hunturu tana busar da jiki. Hanji kuwa in ya ga ruwa ya yi ƙaranci, sai ya tsotse na cikin bayan gida, ya bar shi da tauri. Na biyu, duba abin da muke ci. Da safe shayi da burodi, da rana taliya ko farar shinkafa da mai da yaji, da dare tuwon da aka surfe aka tankaɗe har ba ɗigon dusa. Ina harza a nan? Harzar da ke cikin ganye da wake da dusar hatsi ita ke riƙe ruwa ta tura abinci gaba.

Mai gabatarwa: Za su ce kayan lambu tsada, Malama.

Malama: Shi ya sa nake cewa a ci na lokacin, don shi ne mai araha. Yanzu masu noman rani sun fara fito da tumatir, karas, kabeji, latas, ga lemo ana kawowa daga Binuwai. Ga kabewa da wake da dankali na kaka. Ga kuka da magarya da goriba da tsamiya. Da bazara sai kankana da gurji da mangwaro. Da damina kuwa zogale, rama, tafasa, yaɗiya, lalo, wasu ma a bakin gona za ka tsinka. Ni kakata ko da rani ba ta rabuwa da busasshen zogale, a inuwa take shanya shi, ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, yara su ƙoshi. Yanzu yaro sai ya ce kwaɗo abincin ƙauye ne...

Mai gabatarwa: Malama, mu dawo kan masu cushewar ciki. Nawa za a ci?

Malama: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ba sai an nemi sikeli ba, kowane cin abinci a ga ganye ko wani ɗan itace a gefe. Amma a ƙara a hankali, musamman wake, in ba haka ba iska ta dame ka.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda ya kama mu yanzu. Ruwa ko ba ƙishirwa, ganye kullum, a bar wa hatsi ɗan dusarsa, wake a hankali. Ni dai ra'ayina, kuɗin da magidanta ke zubawa a maganin basir na bakin tasha, da kabeji suka saya wa gida.

Malama: In kuma aka ga jini, ko mutum na ramewa, asibiti kai tsaye.

Mai gabatarwa: Wani matashi daga Daura ya ce ya ga haɗin citta da lemun tsami a TikTok, wai yana wanke kaluluwa.

Malama: Kaluluwa ba datti ba ce da za a wanke. Akwai wasu siraran hanyoyi a jiki masu kwashe ruwan da ya tsiyaye daga jini su mayar da shi, su ne ma ke ɗauko kitsen abinci daga hanji. A kan hanyar akwai ƙananan ƙulli-ƙulli a wuya, hammata da matse-matsi, masu tace ƙwayoyin cuta, kumburinsu ne muke kira kaluluwa. In ka ji ciwo a ƙafa suka kumbura, aikinsu suke yi. Ruwan nan ba shi da zuciya mai harba shi, motsin jiki da numfashi ke tura shi, don haka tafiya a ƙasa ta fi masa haɗin nan amfani. Tundurmi ma hanyoyin nan yake lalatawa, tsutsa ce da sauro ke yaɗawa.

Mai gabatarwa: To ya sha cittar ko kar ya sha?

Malama: Ya sha a shayi, ba laifi. Amma kaluluwar da ta wuce sati biyu, ko mai tauri mara zafi, ko wadda ta zo da gumin dare da rama, a je a duba, don tarin fuka ma na zuwa haka.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, daga Mai'aduwa: gyaɗar da ta yi funfuna, in an soya ta gyaru?

Malama: A zubar. Suya ba ta kashe gubar, kuma hanta take cutarwa.

Mai gabatarwa: Ana ɗaga mini hannu lokaci ya cika. Masu tambaya kan fura da ciwon suga, taku sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malama, mun gode. A huta lafiya.