Filin Wasan Tanis a Bakin Tekun Tsibirin Harris

Masu kallonmu, wannan koren fili da kuke gani tsakanin duwatsu da ruwa yana wani ƙauye ne mai suna Bunavoneader, a tsibirin Harris da ke arewa maso yammacin Sukotlan. An gina shi a shekarar 1998, kuma ana yawan ambatonsa a matsayin filin tanis mafi nisa da birane a duk Birtaniya. Wanda yake son zuwa yakan shiga jirgin fito daga tsibirin Skye zuwa garin Tarbert, sannan ya bi wata siririyar hanya wadda mota biyu ba sa iya giftawa a kanta sai ɗaya ta raɓe, ga tumaki kwance a gefen kwalta.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne wahalar samun shimfiɗaɗɗen wuri a irin wannan ƙasa. Tsawon filin tanis mita 23.77 ne, faɗinsa kuma mita 10.97, ban da sararin da ɗan wasa yake buƙata a baya da gefe domin ya bi ƙwallo. Arewacin Harris kuwa dutse ne da fadama, a nan ne ma dutsen Clisham yake, wanda tsayinsa ya kai mita 799. Saboda haka duk inda aka ga fili a miƙe, to, an sha aiki kafin a daidaita shi.

Bayan ƙasa, sai iska. Nauyin ƙwallon tanis bai kai giram 60 ba, don haka idan iskar Tekun Atilantika ta taso, ƙwallon da aka buga sama takan karkace ta faɗi inda ba a nufa ba, kuma dole mai wasa ya rage tsayin bugunsa ya riƙa bi da ita dab da raga. Gishirin da iskar take ɗaukowa yana sa ƙarfen shinge tsatsa, danshi kuma yana haifar da gansakuka. Ruwan sama ba ya da lokaci a nan, shi ya sa aka shimfiɗa ciyawar roba, wadda take tsanewa da wuri. Sai dai a tsakiyar shekara akan samu hasken rana na kusan awa 18, har mutum ya tashi daga aiki ya yi wasa ba tare da fitila ba.

Ku dubi wancan dogon bututun hayaƙi na jan bulo a ƙasan hanya. Shi ne ragowar masana'antar sarrafa kifin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, wadda mutanen Norwe suka kafa a 1904. A 1922 attajirin sabulu Lord Leverhulme ya saye ta, kuma shi ne mai kamfanin Lever Brothers da ya sayi Kamfanin Neja (Niger Company) a 1920, kamfanin ciniki na Birtaniya da a lokacin yake cikin masu sayen gyaɗa a Kano. Leverhulme ya rasu a 1925, manyan tsare-tsarensa na kamun kifi a tsibirin suka watse, masana'antar ma daga baya ta rufe.

A ganina wannan tarihi ne yake ƙara wa filin daraja, domin a yankin da matasa suke barin gida neman aiki, samun wurin da yaro zai riƙe raket ya koyi wasa ba ƙaramin abu ba ne. Har yanzu ƙananan jiragen masunta suna fita daga tsibirin Scalpay da ke kusa da Harris da sauran mashigai domin ɗaga tarkon ƙaguwa da jatan lande, a 2003 kuma al'ummar arewacin Harris suka sayi ƙasar yankinsu, suka mayar da ita hannun gidauniyarsu.