Murhun Gashi Na Tangaran: Wane Girma Ne Daidai Da Ƙaramar Baranda?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, barka da sanyi. Daga nan Jos muke magana, kuma darasinmu na yau a kan murhun gashin nan ne na tangaran mai aiki da gawayi, wanda ake kira kamado. Ga shi nan a gabana, mai siffar ƙwai, da marfinsa. Asalinsa daga Japan ne, amma kamfanonin Amurka ne suka yaɗa shi, musamman Big Green Egg da aka kafa a birnin Atlanta a 1974, sai Kamado Joe da ya biyo baya. Wanda ya san tanderun gurasa ya riga ya gane dabarar: yumɓu mai kauri ya sha zafi ya riƙe, abinci ya gasu ta ko'ina. Ƙarin da ke nan shi ne marfi da ƙofofin iska biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, da su ake rage wuta ko a ƙara ta.

Abin da kuka fi tambaya shi ne: wurina ƙarami ne, wanne zan saya?

To, mu fara da lambar da mai kaya zai faɗa maka. Zai ce wannan inci 13 ne, wancan 15, wancan 18, babban kuma 24. Wannan lambar faɗin raga ce kawai, inda ake jera nama. Jikin murhun ya fi haka faɗi, kuma in ka buɗe ƴan teburan da ke gefen mai inci 18, ya haura mita ɗaya. Marfin ma baya yake tafiya in an ɗaga shi, saboda haka ba ya yiwuwa ka manna shi da bango. Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki bayan kaya ya iso gida.

Sai wani lissafi da ido ba ya gani. Raga zagaye ce. Tsakanin 13 da 18 inci biyar ne kacal, amma filin gashin mai 18 ya kusa ninka na mai 13. Shi kuwa mai 24 ya ninka mai 13 sau uku har da ɗoriya. Kada ka ce ai bambancin kaɗan ne.

Ƙanena, miƙo min kwalin nan. Ku duba abin da nake so kowa ya yi kafin ya fitar da ko kwabo. Ka yanka kwali zagaye guda biyu, ɗaya mai faɗin santimita 33, wato inci 13 ke nan, ɗaya mai santimita 46, wato inci 18. Ranar da za a yi gashi a gida, ka jera abin da kuka saba ci a kai. Kun gani? Kaza guda ta zauna a ƙaramin, har da ɗan wurin da za a zagaye ta da dankalin turawa. Amma ga tarwaɗa babba: kai ya fita, wutsiya ta fita, dole a yanka ta gida biyu ko a lanƙwasa. Tsire ma haka. Dogon tsinke a tsakiya kaɗai yake zama, na gefe sai an gutsure. In ku uku ne ko huɗu a gida, wannan ba damuwa ba ce, a gasa a sauke a sake ɗorawa. In kuwa gida ne da ƴan'uwa ba sa yankewa ranar Asabar, Alhaji, za ka wuni a tsaye kana juya nama, su kuma suna ci suna hira.

Bayan kwali, sai ƙasa. Ɗauki gawayi ka zana da'irar murhun a inda kake son ajiye shi, ka tsaya a gabansa kamar kana aiki. Akwai hanyar da Hajiya za ta wuce da faranti ba tare da mayafinta ya goga jikinsa ba? Yara fa? Jikin tangaran bai kai na ƙarfe ƙuna ba, amma yana zafi sosai. Ka ɗaga kai ka duba sama: rufin roba, igiyar shanya, labule, wayar lantarki. Ka duba gefe: tukunyar gas, janareta, jarkar fetur. Duk waɗannan a baranda muke tara su, kuma babu wanda ya dace ya yi maƙwabtaka da garwashi.

Nauyi kuma. Mai inci 18 na Big Green Egg ya kai kilo 73, mai 24 ya kusa kilo 100, ƙaramin da suke kira MiniMax kuma wajen kilo 35. Babban ba abin da za ka riƙa ja kana mayarwa ba ne, inda ka ajiye nan ne gidansa. Kuma tangaran ne, in ya faɗi ya tsage, neman gyara sai an koma oda daga waje da kuɗin dala. Wanda ke hawan bene, ko ɗan haya da ke iya tashi ko yaushe, ya yi tunani da kyau.

A nan zan ɗan tsaya, don wannan maganar rai ce. Sanyin Jos a watan Disamba da Janairu kowa ya san shi, kuma akwai mai cewa bari in ja murhun cikin falo ko kicin, a yi gashi a ji ɗumi. Kul! Gawayi yana fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Barandar da aka rufe da gilashi ko tampol ta ko'ina, ɗaki ce. In iska ba ta ratsa wurin, babu girman da ya dace da shi, ko mafi ƙanƙanta.

Amma a fili, wannan sanyin ne ma yake nuna amfaninsa. Iskar hunturu tana kwashe zafin murhun ƙarfe nan da nan, shi kuwa wannan in ya ɗauki zafi ya riƙe. Ƙarami ya fi saurin ɗauka, ya fi tattalin gawayi, sai dai cikinsa kaɗan yake ci. Tsire, kifi, kaza, masara, duk lafiya lau. Cinyar rago da za a bari awanni a wuta mai sanyi har ta yi laushi kuwa, mai 18 ya fi ba da natsuwa. Kuma in ka sayi ƙarami, manyan dunƙulen gawayin kasuwa sai ka farfasa su, ka tankaɗe garin, don gari yana toshe ramukan iska.

Ra'ayina: ƙaramin wuri a bene ko gidan mutum huɗu, 13 ko 15. Fili a ƙasa mai daɓen siminti da iyali masu ɗan yawa, 18. Mai 24 ba na ƙaramar baranda ba ne. Kada kuma ka auna da Babbar Sallah, ragon layya a kan itace da waya za a yi shi kamar yadda aka saba.

Ko wanne ka ɗauka, kada ka hura shi da kananzir, tangaran yana shan wari ya mayar wa nama. In wuta ta yi ƙarfi, fara ɗaga marfin kaɗan iska ta shiga kafin ka buɗe duka, in ba haka ba harshen wuta zai taso maka. In ka gama, kada ka watsa ruwa, zai iya tsagewa. Rufe marfi da ƙofofin iskar biyu, wutar za ta mutu da kanta, ragowar gawayin kuma ya yi maka aiki a gashi na gaba. Da damina a lulluɓe shi bayan ya huce.

A shiri na gaba za mu hura shi tare, ku ga yadda ake saita ƙofar ƙasa da ta sama. Sai mun haɗu.